Kafin ka ɗaga jak a bakin hanyar Kumasi

Ƙannena masu sabon lasisi, duk kuskuren canza taya da zan ambata a nan babu wanda hannuna bai taɓa yi ba, shi ya sa ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Mafi muni a cikinsu shi ne tsayawa daidai inda tayar ta sace. Tsakanin Ejisu da Konongo har zuwa Nkawkaw akwai kwana da gangara, ga tireloli masu ɗauko kaya daga Tema zuwa Burkina Faso da Nijar, waɗanda ko direba ya hango ka, birki ba ya tsayar da su nan take. Mu a Gana dama muke bi, saboda haka in tayar hagu ce ta yi faci, wajen titi za ka tsuguna ka ba motoci baya. Kada ka taka birki da ƙarfi. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka kunna sigina biyu, ka lallaɓa a hankali har inda ƙasa take a shimfiɗe kuma ana hango ka daga nesa. Taya za ta iya lalacewa gaba ɗaya, wili ma zai iya lanƙwasa, amma duka biyun ana samunsu a Suame Magazin, kasuwar kayan gyaran mota ta Kumasi. In dare ne kuma wurin ba kowa, ja ta haka har gidan mai ko shingen 'yan sanda. Lambar gaggawa 112 ce.

Da ka tsaya, kowa ya fito ta ƙofar dama ya matsa can gefe. Ajiye alamar nan mai kusurwa uku kamar taku hamsin a bayan mota, a babbar hanya ka kai ɗari. Ganyen da muke zubawa a kwalta ya fi babu da rana, amma da dare ba ya ƙyalli, kuma yawancinmu ba ma kwashe shi idan mun gama.

Ja birkin hannu, sa giya ta ɗaya, ko P in motar otomatik ce. Tare tayar da ke ɗaya kusurwar da dutse gaba da baya: in ta gaba ta hagu za ka cire, ta baya ta dama za ka tare.

Sassauta notuna tun taya tana ƙasa, rabin juyi kowanne, ba ka cire su ba. In ka fara ɗagawa sannan ka hau kokawa da sifana, ko tayar ta riƙa juyawa a banza ko ka girgiɗe motar ta zame daga jak. Noti yana kwancewa ta hagu, sai dai wasu manyan motoci da notunansu na ɓangaren hagu suke da zare a juye. Za ka ga harafin L a kan ƙusar. Notin da mai faci ya ɗaure da bindigar iska kuwa, ɗan guntun sifanan da ya zo da mota ba zai motsa shi ba. Ajiye bututun ƙarfe mai tsawon rabin mita a but, ka zura wa sifana.

Jak yana da wurinsa: ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin ƙofa, bayan tayar gaba ko gaban tayar baya, galibi da 'yan tsaga biyu. In ka kafa shi a wani wuri, jikin motar zai lotsa. Jar ƙasarmu kuma da damina tana haɗiye gindin jak a hankali, mutum bai ankara ba sai mota ta karkata. Shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, ba bulo ba, don bulo yana farfashewa farat ɗaya. Tura safaya a kwance ƙarƙashin mota kafin ka cire mai facin, sannan ka musanya su. Hannu, ƙafa ko kai, babu abin da zai shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Ka ɗaga fiye da yadda kake zato, domin taya mai iska ta fi wadda ta sace tsawo.

Mayar da notuna da yatsu tukuna, gefen da yake da tsini yana kallon wili. In noti ya cije tun juyi na biyu, ya hau a karkace, warware ka sake. Ɗaure su a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba, don wili ya zauna daidai. Sauke motar, sannan ka yi ɗaurin ƙarshe da ƙarfin hannu. Kada ka hau sifana da ƙafa, kada ka shafa wa ƙusa giris. Bayan kilomita 50 ka tsaya ka sake gwada su.

Safaya ita ma iska tana zurarewa daga cikinta tana kwance a but, don haka auna ta duk wata. 'Yar siririyar nan da ke zuwa da motocin da aka shigo da su daga waje tana son iska PSI 60 a ma'aunin iska, kusan ninkin ta sauran tayoyi, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Ta kai ka wurin mai faci ne, ba ta kai ka Akra da kaya ba. Duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a jikinta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In ka ga gefenta ya fara tsattsagewa, canza ta ko da zanenta bai taɓa taka kwalta ba.