Yadda na nemi jarin faɗaɗa sana'ata: tallafi, rance da rangwamen haraji

Sana'ata kafinta ce. Ina da yara masu taya ni aiki, muna ƙera tebura da kujeru da kabad. Da oda ta fara fin ƙarfin hannunmu, sai na zauna na rubuta abin da nake buƙata: injin yanka da goge katako, da ɗan kuɗin da zan riƙa sayen katako da yawa lokaci guda maimakon kaɗan-kaɗan. Waɗannan buƙatu biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma kuɗin da ya dace da ɗaya bai dace da ɗayar ba. Inji zai yi shekaru yana aiki, saboda haka bashinsa na iya ɗaukar shekaru. Katako kuwa cikin 'yan makonni yake zama kujera ya dawo kuɗi.

Tallafi na fara bi, kamar kowa, domin kuɗi ne da ba a mayarwa. Abin da na gano da wuri shi ne mai ba da tallafi yana da nasa burin, kuma burin nan yake biya wa kuɗi. Wani so yake a samar wa matasa aiki, wani mata 'yan kasuwa yake nema, wani rage hayaƙi da amfani da hasken rana ne damuwarsa, wani kuma fitar da kaya zuwa ƙetare. Hatta a Amurka, hukumar kula da ƙananan sana'o'i ta SBA, wadda aka kafa a 1953, tana faɗa ƙarara cewa ba ta ba da tallafin fara kasuwanci. Akwai waɗanda ke bayarwa, kamar Gidauniyar Tony Elumelu da tun 2015 take ba matasan 'yan kasuwa na Afirka dala 5,000 bayan horo, amma masu nema sun ninka masu samu nesa ba kusa ba.

Saboda haka na daina tambayar wa ke raba kuɗi, na koma tambayar me nake yi wanda wani ke son ya ga an yi. Amsar tana gabana: ina koya wa yara sana'a. Na samu wani shiri na horar da matasa, na karanta sharuɗɗansa tun daga farko har ƙarshe kafin na taɓa fom. A nan na ci karo da abubuwa biyu da nake so duk mai nema ya sani. Na farko, tallafin na haɗin gwiwa ne: su kawo rabi, ni in kawo rabi, kuma sai na nuna nawa rabin a asusu. Na biyu, ba a ba ka kuɗin a hannu. Kai za ka kashe naka, ka kai rasit, a duba, sannan a mayar maka. Wanda ba shi da abin da zai fara kashewa, ko an zaɓe shi, tallafin ba zai amfane shi ba. Na samu wannan tallafin, ya ɗauke mini wani ɓangare na kayan aikin yaran da alawus ɗinsu, amma bai sayi inji ba, kuma dama ba don haka aka yi shi ba. Ya zo da aikin rubuta rahoto duk bayan wata uku, aikin da ke cin lokacin da ya kamata in yi a kan benci.

Ana cikin haka saƙonni suka riƙa shigo mini a waya cewa an zaɓe ni, in biya kuɗin rajista a sakar mini tallafi. Ban biya ko ɗaya ba. Hukumar gaskiya ba ta zaɓen wanda bai nema ba, kuma ba ta karɓar kuɗi kafin ta bayar. Abin yana ƙona mini rai, domin masu ƙaramin ƙarfi ake cuta, waɗanda da ƙyar suka tara abin da aka raba su da shi.

Maganar inji sai da ta kai ni ga rance. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ni ban ɗauke shi abin kunya ba matuƙar mutum ya san ta inda zai biya. Ba ni kaɗai ke wannan nema ba: wani rahoton hukumar IFC ta Bankin Duniya a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 40 cikin 100 na ƙanana da matsakaitan kamfanoni masu rajista a ƙasashe masu tasowa ba sa samun rancen da suke buƙata, giɓin da ya kai dala tiriliyan 5.2 a shekara. Da na zauna gaban jami'ar banki sai na fahimci dalilin. Ba ta tambaye ni kyawun kujeruna ba. Cewa ta yi, "Malam, ina bayanin asusunka na wata goma sha biyu? Ina littafin ciniki?" Na miƙa mata. Tun da daɗewa na raba asusun sana'a da na gida, kuma ko ƙusa na saya sai na rubuta. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Yawancin masu zuwa nan suna da ciniki, amma ba su da shaidar ciniki."

Wannan littafin shi ya yi mini magana a ko'ina. Shi masu tallafi suka duba, shi banki ya duba, shi kuma akanta ya buɗe daga baya. Banki so yake ya ga kuɗin da ke shigowa kowane wata ya fi abin da za a biya shi da tazara mai kyau, ya ga tarihinka na biyan bashi, ya ga nawa ka zuba na kanka, sannan ya tambayi jingina.

Jingina ce ta tsaya mini, don ba ni da kadarar da za ta rufe kuɗin. Ashe an daɗe da sanin wannan matsala, kuma an yi mata hanyoyi. Bankin Grameen na Bangladesh, wanda Muhammad Yunus ya kafa a 1983, ya gina rancensa a kan ƙananan ƙungiyoyi na mutum biyar maimakon kadara, har shi da bankin suka samu kyautar Nobel a 2006. Sai dai irin wannan rance ƙarami ne, bai kai kuɗin inji ba. Akwai kuma tsarin lamuni, inda gwamnati ko wata hukuma ke tsaya wa mai karɓar rance: in ya kasa biya, ita za ta biya bankin wani kaso. A shirin rance na hukumar SBA ta Amurka mai suna 7(a), lamunin na kaiwa kashi 85 na ƙaramin rance, kashi 75 na babba. Ƙasashe da yawa suna da irinsa, amma ba kowane jami'i ke tuna maka ba, sai ka tambaya da bakinka. A lura, lamunin banki yake karewa, kai bashi na nan a wuyanka.

Inda na fi daɗewa shi ne lissafin kuɗin ruwa, kuma ina roƙon kowa ya daɗe a nan. Wani mai ba da rance ya ce mini kashi 3 ne kacal a wata. Na tambaye shi, a kan uwar kuɗin gaba ɗaya, ko a kan abin da ya rage? Ya ce a kan uwar kuɗin. Ma'ana in ka karɓi 100 na shekara guda, za ka biya 136, alhali kowane wata kana rage bashin. A watan ƙarshe ana cajin ka ruwan 100 bayan abin da ya rage a hannunka bai kai 10 ba. In aka auna shi da tsarin da ke bin ragowar bashi, kashi 3 ɗin nan ya zama kusan kashi 5 a wata, wato sama da kashi 60 a shekara. Ga kuɗin fom da na inshora da ake zarewa tun kafin kuɗin su iso hannunka. Daga nan na riƙe tambaya ɗaya da nake yi wa kowa: nawa zai shigo hannuna, nawa kuma zan biya gaba ɗaya zuwa ranar ƙarshe? A rubuta mini.

A ƙarshe ta hanyar murabaha na sayi injin. Bankin ne ya saye shi daga dila, ya sayar mini da ribar da muka amince da ita tun farko, ina biya wata-wata, kuma farashin ba ya ƙaruwa. Hankalina ya fi kwanciya da wannan saboda babu kuɗin ruwa a ciki, ga shi injin da kansa ya tsaya a matsayin babban ɓangaren jingina. Ba na cewa ya fi araha a kowane hali. Shi ma na yi masa tambayar nan tawa, na kwatanta jimillarsa da sauran. Kuɗin katako kuwa ban ci bashinsa a banki ba. Dilan da na daɗe ina saye a wurinsa ya yarda ya riƙa ba ni kaya in biya bayan wata guda, masu manyan oda kuma na fara karɓar rabin kuɗi kafin in sa zarto.

Rangwamen haraji ne na bari a ƙarshe, kuma da wani zai nemi shawarata, da shi zan ce ya fara, domin a nan ba ka gasa da kowa. Haƙƙinka ne a doka, in ka cika sharaɗi. Na biya wani dattijon akanta ya duba takarduna. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai a rage mini abin da zan biya." Ya ce, "Ɗana, bari in nuna maka bambancin abu biyu tukuna." Akwai abin da ake cirewa daga riba kafin a lissafa haraji, akwai kuma wanda ake cirewa daga harajin kansa. In harajinka kashi 20 ne, cire 100 daga riba 20 kawai zai rage maka. Cire 100 daga haraji kuwa 100 ɗin ce cur.

Ya nuna mini cewa inji ba a lissafa shi kamar kuɗin wuta ko haya. Ana cire kuɗinsa daga riba a hankali cikin shekaru, wasu ƙasashe kuma suna barin a cire shi duka a shekarar da aka saya. Birtaniya, misali, tana barin haka har zuwa fam miliyan 1 a shekara. Saboda haka ranar da ka sayi inji tana da muhimmanci: saye kafin rufe shekarar lissafi ko bayanta na iya matsar da rangwamen da shekara guda. Ya kuma ce a wurare da dama asarar bana ana iya cire ta daga ribar baɗi, amma sai in ka shigar da bayananka a shekarar asarar. Nan ne mutane ke tafka hasara. Sun ji an ce ƙananan sana'o'i ba sa biyan wani haraji in cinikinsu bai kai wani adadi ba, sai su daina kai takardu, alhali yafe biya daban, yafe kai bayani daban, kuma tarar rashin kai bayani na iya hawa kan wanda ba a bin sa ko sisi.

Ya ja kunnena a kan abu biyu. Kada in sayi abin da ba na buƙata don kawai a rage mini haraji, tunda kashe 100 don a tsira da 20 ba dabara ba ce. Sannan in tambaya ko tallafin da na karɓa ana lissafa shi cikin kuɗin shiga, domin a wasu dokokin ana yi. Dokokin nan suna sauyawa kusan kowace shekara, shi ya sa yanzu nake kai masa littafin wata biyu kafin rufe shekara. A zamanmu na baya ya ce in haɗa takardun yarjejeniyar koyon sana'a na yaran da shaidar abin da nake biyansu, zai duba ko sun shiga cikin rangwamen da ake yi wa masu horar da ma'aikata. Na haɗa su, suna wurinsa.