Na Zagaye Ramuka 18, Alhamdulillahi

Alhamdulillahi. Jiya Asabar na zagaye ramuka 18 a filin golf ɗinmu na nan Kaduna da ƙafata, ba a kwaso ni daga rami na tara ba kamar yadda uwargida ta yi hasashe. Yanzu haka ƙafafuna na cikin ruwan ɗumi, kafaɗar kuma sai zogi take. Kun san haɗarin da ya same ni da tiyatar da aka yi mini, kun san watannin da na yi hannu a rataye, ba sai na maimaita ba. Ni kaina na gaji da ba da labarin.

Wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne na ranar da na fara komawa fili, bayan likita ya ba ni izini. Da duku-duku na je don kada a gan ni. Na zaro ayon mai lamba 7, sandar da na fi shekara goma ina bugu da ita, sai na ji kamar taɓarya na ɗaga. Ƙwallo biyar na buga, ba wadda ta wuce tsayin gwiwa. A ta shida sandar ta ci ƙasa, zafi ya harba tun daga wuyan hannu har inda aka yi ɗinki. Na samu gindin bishiya na zauna. Wallahi ko ranar da za a shiga da ni tiyata ban ji tsoro irin na safiyar nan ba, don a raina na riga na ce shi ke nan, ni da wasan nan sai kallo.

Ashe Baba mai gyaran sanduna yana tsaye yana kallona. Na san zai yi faɗa in ya ji na ambace shi, sai dai ya yi haƙuri. Mutumin da tun yana yaro yake ɗaukar jaka a Rayfield ta Jos, filin da Turawan haƙar kuza suka fara wasa a cikinsa tun 1913, ba abin da bai gani ba. Ko sannu bai yi mini ba. Sandar ya karɓa, ya juya ƙotarta, ya nuna mini harafin S da ke jiki, ya ce, "Alhaji, ba kafaɗarka ce ta ƙi ba. Waɗannan sandunan na wancan Alhajin ne, na kafin haɗari."

Ya ce S mai tauri ce, ta mai kaɗa sanda da ƙarfi, ga ta kuma ta ƙarfe, nauyin ƙotar kaɗai ya kai giram 120. Ya shiga ya fito da tasa ta girafait, wadda ba ta fi rabin haka da kaɗan ba, mai harafin A, wato mai laushi. Ni da na sha yi wa abokai dariya cewa A ta tsofaffi ce! Na haɗiye girman kaina na karɓa. Sannan ya manna tef a ƙasan kan sandar, ya sa na buga a kan katako. Tabon ya fito can wajen baki, ba a tsakiya ba: tun bayan aikin na daina sunkuyawa sosai, bakin sandar ke fara nitsewa, shi ya sa ƙwallon ke guduwa dama. Ya duba riƙona, ya ga yatsuna sun nutse cikin tafin hannu, ya ce mariƙin ya yi mini siriri, dole nake matsewa har kafaɗa ta ɗauka. Ya ƙara masa kauri. Bugun farko ƙwallon ya tashi. Ban san lokacin da hawaye suka zo ba, shi kuma ya juya baya kamar yana neman wani abu a jaka.

Mako shida ina wasa da sandunansa, ya hana ni sayen komai sai jiki ya faɗi abin da yake so. Da can kuwa sunan kamfani na bi na sayi nawa na hannu, ko gwadawa ban yi ba. Yanzu na ajiye ayon 3 da 4, sandar haibirid mai sauƙin bugu ta maye gurbinsu, direba, wato sandar bugun nesa, ta koma mai digiri 12 maimakon 9 don ƙwallo ya fi tashi. Doka ta yarda da sanduna 14 a jaka, ni goma nake ɗauka, sun ishe ni. Ko sisi ya ƙi karɓa. Baba, Allah ya saka maka da Aljanna, ya jiƙan mahaifanka, ya raya maka zuri'a, yadda ka rufa mini asiri Allah ya rufa maka duniya da lahira.

Uwargida, ba ni da bakin gode miki, Allah ya biya ki. Autana da ya yi ta jigila da ni, Allah ya yi maka albarka. 'Yata ta sashen gashin ƙashi da ta jure mitata, da abokan wasa da suka yi ta jirana jiya ba wanda ya duba agogo, Allah ya bar mu tare, ya raba ku da kwanciyar asibiti.

'Yan'uwa da hidima ta hana su leƙowa tsawon watannin nan, har da waɗanda na ji sun ce me ya kai dattijo bin ƙwallo a rana, ba komai. Gidan dai yana nan inda kuka san shi. Allah ya bar zumunci.

Tsofaffin sanduna na bar wa kedina mai ɗaukar mini jaka, yaron da jiya ya riƙa ciro mini ƙwallo daga kowane rami don kada in sunkuya. Shi da ƙarfinsa, S ɗin ta yi masa daidai. Maki kuwa kada wanda ya tambaye ni, katin yana aljihunsa, na ce ya ɓatar da shi.