Gizo da burodin Agege

Talata, da dare

Ruwan da aka kwana ana yi bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe bakwai. Danfon da na shiga ya maƙale a gindin gadar Pen Cinema, sai na sauka na ƙarasa da ƙafa. A hanya na biya wajen mai shayi na sayi burodi biyu masu girma ɗaya, na sa a jaka tare da wuƙa.

Mako guda ke nan ina fama da 'yan aji huɗu a kan abu ɗaya. Ko sau nawa na rubuta 1/4 da 1/8 a allo, sai su ce na biyun ya fi girma, tunda takwas ya fi huɗu. Ban ga laifinsu ba. Littafin da Turanci yake, a gida Hausa suke ji, a layi kuma Yarabanci.

Yau ban taɓa alli ba. Na ajiye burodin a tebur na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Suka kalli juna, don kowa ya san ba a tatsuniya da rana, sannan suka amsa, "Ta zo mu ji ta!" Na ce sarki ne ya ba Gizo da Ƙoƙi zaɓi: yanka ɗaya daga burodin da aka raba huɗu, ko yanka ɗaya daga wanda aka raba takwas. Na maƙale murya irin tsamin bakin Gizo na ce, "Ni takwash nake sho, takwash ya fi yawa!" Na yayyanka burodin a gabansu, na ɗaga rabon Ƙoƙi, na ɗaga ɗan siririn na Gizo. Ajin ya kece da dariya har malamar aji uku ta leƙo.

Abin da ya taɓa zuciyata ya zo bayan nan. Akwai wani yaro Bagobiri da aka kawo daga Sabon Birni a farkon zangon nan, mahaifinsa na sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Tun zuwansa ban ji muryarsa a aji ba. Yau ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Gizo shi ya cuci kansa. In masu ci sun yi yawa, rabo ƙanƙancewa yake." Amsar ke nan cif, da bakinsa, ba hadda ba. Na ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Na ƙara musu da cewa sunan waɗannan kason rubu'i da sumuni, za su sake haɗuwa da su a Islamiyya in an zo rabon gado.

Kuskuren Gizo nasu ne, jiya ma shi suka yi. Amma da yake Gizo ne ya ɗauke shi, babu yaron da ya sunkuyar da kai. Na daɗe ina tunanin wannan, saboda muna firamare wani malaminmu yakan ba aji dariya da amsar duk wanda ya kasa. Abokina da ya sha kiran daƙiƙi a gaban mutane bai gama aji shida ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, kuma shi ya sa ba na yarda a yi wa ɗalibina dariya, ko da ni ne zan jawo ta.

Da aka tashi tara, malamar aji uku, Bayarabiya ce, ta ji yaron Bagobiri ne, ta tare shi da wasan da ke tsakanin Yarabawa da Gobirawa: "Ashe bawana ne ya iso Legas!" Ya yi murmushi ya ce, "Ai ku ne bayinmu, Malama."

Yanzu na gama duba littattafansu. Yawancinsu sun ci aikin. A ƙasan shafinsa yaron ya zana Gizo riƙe da ɗan guntun burodi, ya rubuta 1/8 a kai.