Sana'ar gyaran madubin likita a Zariya

Sana'ata gyaran madubin likita, wato maikiroskof, da sayar da kayansa. Shagon ƙarami ne a Tudun Wada, ni da yaran da nake koya wa aiki. Yawancin masu kawo mana gyara masu ƙananan ɗakunan gwaji ne na cikin birni da Sabon Gari da Samaru, sai makarantun sakandare da na koyon aikin lafiya, sai ɗaliban jami'a da suka yi karo-karo suka sayi na hannu don bincikensu. Wani daga Giwa ko Soba ko Maƙarfi ake ɗauko mana shi a kwali, an naɗe shi da zani kada ya bugu a mota. Zariya gari ne na karatu da asibiti: ga Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta a Shika, ga cibiyar binciken aikin gona a Samaru, ga cibiyar horaswa kan tarin fuka da kuturta a Saye. Duk wanda ya fito daga waɗannan wurare ya buɗe nasa, madubi zai fara nema, kuma wata rana madubin zai zo teburina.

Aikinmu yana bin yanayin shekara. Da hunturu ƙura ce. Tana shiga ta inda ba a zato, ta kwanta a kan gilashin da ake ɗora ido, ta haɗu da man da ke cikin majuyi ta zama laka, sai ka ji ana juya shi yana cijewa. Wannan mai sauƙi ne, a kwance, a wanke, a sa sabon mai. Abin da ke tayar mini da hankali damina ce, musamman Agusta, lokacin da fumfuna ke tsirowa a cikin gilashi. In ka cire gilashin ka ɗaga shi wajen haske za ka ga farin zare siriri ya taso daga gefe, ya yi rassa yana nufar tsakiya. In an kawo da wuri yakan fita. In ya daɗe, ya riga ya cinye shafen da masana'anta ta yi wa gilashin, ko an goge tabon yana nan har abada. Gilashi mai lamba 100 na kirki kuwa, wato na ƙasa mai fuskantar samfuri da ke ƙara girma sau 100, kuɗinsa yakan kai wani kaso mai tsoka na kuɗin madubin gaba ɗaya.

Sauran ɓarnar hannun mutane ce. Man da ake ɗigawa a kan silaid, ɗan gilashin da ake ɗora samfuri a kai, don gilashi mai lamba 100 kaɗai aka yi shi, amma mai gaggawa zai juyo mai lamba 40 ya ratsa ta cikinsa, man ya shige, ya bushe. Wani ya goge da bakin riga ko audugar allura, ya kankare shi. Wani ya tsoma shi a zailin, sinadarin da ake wanke mai da shi, bai san gilashin nan ba ɗaya ba ne, guntaye ne da dama aka liƙa da gam, kuma zailin yana narka gam ɗin.

Amma akwai tambayar da na fi sha. Mai saye zai shigo ya ce, "Malam, wannan sau nawa yake ƙara girma?" In na ce sau 1,000, sai ya ce ai ya ga wani a intanet an rubuta 2,000, kuma ya fi araha. A nan nakan jawo masa kujera, domin duk sana'ar a kan wannan gaɓa ta tsaya. Ƙara girma daban, rarrabewa daban. Ɗauki hoton da ya yi dishi-dishi a wayarka ka ja shi da yatsu biyu: zai cika fuskar wayar, amma ba abin da ka gani wanda da ba ka gani ba. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne ikon madubi ya nuna maka ɗigo biyu da ke dab da juna a matsayin biyu. Wannan kuwa yana da iyaka, kuma ba masana'anta ce ta sa ta ba. A 1873 Ernst Abbe, wanda ya yi aiki da kamfanin Zeiss a garin Jena na Jamus, ya nuna cewa haske kansa ba ya iya raba abubuwan da tazararsu ta gaza kusan rabin tsawon zangonsa, wato wajen nanomita 200. Ka ɗauki milimita ɗaya ka raba ta gida 5,000, to kaso ɗaya. Da gilashin mai na yau da kullum, in ka wuce sau 1,000 da 'yan kai, girman banza ne. Shi ya sa na fi son in sayar wa mutum tsohon Olympus mai lafiyayyen gilashi da in ba shi sabo fil mai manyan lambobi a jikin kwali.

Iyakar nan ba ta hana madubin haske yin aikin da ya yi ba. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na Holan, da gilashi ƙwaya ɗaya da ya sarrafa da hannunsa ya ga bakteriya a 1676, kuma ina jin daɗin tunawa cewa mai shago ne. A 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin wani soja a Kustantin ta Aljeriya, a 1882 Robert Koch ya ga ta tarin fuka. Rinin Giemsa na rina jini a kan silaid da ake amfani da shi a kowane ɗakin gwaji na garin nan tun 1904 yake. Duk lokacin da na gama gyara, da silaid ɗin jinin maleriya nake gwadawa. Ƙwayar jan jini faɗinta wajen maikiromita 7 ne, wato nanomita 7,000, a cikinta sai ka ga ɗan zobe shuɗi siriri da ɗigon ja a gefensa. In zoben ya fito tsaf, gefensa a yanke, aikina ya yi. In ya fito kamar an shafa shi, sai in sake kwancewa, domin a irin wannan dishi-dishin ne ake ɗaukar dattin rini a ce ƙwayar cuta ce, a ɗora wa yaro maganin da ba ya buƙata, ainihin abin da ke damunsa yana ci gaba da cinsa.

Abin da ya fi ƙarfin madubina su ne ƙwayoyin cutar da ake kira bairos. Na shan inna bai wuce nanomita 30 ba, na korona wajen 100. Ko ka kwana kana leƙe ba za ka gansu ba. Hanyar farko da aka bi ita ce a bar haske gaba ɗaya. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubin da ke harba ilektiron, wanda zangonsa ya fi na haske gajarta nesa ba kusa ba, maganaɗisu kuma ya maye gurbin gilashi. Sai dai dole a sa samfurin a inda babu iska, don haka ba a ganin abu da ransa, kuma ruwan jikinsa yana ƙafewa ya sauya masa kama. Maganin wannan shi ya kai Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson ga kyautar Nobel a 2017. Ana daskarar da samfurin cikin ƙiftawar ido, da saurin da ruwan ba zai samu damar yin ƙanƙara mai tsaga ba, a ɗauki dubban hotunan furotin iri ɗaya ta kusurwa daban-daban, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffarsa ta kowane gefe. Da wannan hanya masana a Amurka suka fitar da siffar ƙayar da ke jikin korona a Fabrairun 2020, cutar tana sabuwar ɓulla, kuma masu haɗa rigakafi sun amfana da sanin siffar.

Wanda ya fi burge ni, a matsayina na mai aiki da gilashi, shi ne na waɗanda suka zauna da hasken suka zagaye iyakar Abbe. Stefan Hell ya yi amfani da leza biyu: ɗaya tana kunna rinin da ke walƙiya a jikin samfuri, ɗayar mai siffar zobe tana kashe duk na kewaye, sai ɗan ɗigon tsakiya kaɗai ya rage yana haske, a bi samfurin ɗigo-ɗigo. Eric Betzig da William Moerner suka bi ta wata hanya, a riƙa kunna ƙwayoyin rinin kaɗan-kaɗan, waɗanda suka yi nesa da juna, a rubuta wurin kowacce, a kashe, a kunna wasu, a ƙarshe a tara. Su ukun suka karɓi Nobel a 2014, kuma ana kaiwa nanomita 20 da irin waɗannan dabaru. Ba wanda ya ƙaryata Abbe a cikinsu. Sun dai hana ɗigo biyu makusanta yin haske a lokaci guda. Ranar da na fahimci wannan na daɗe ina tasbihi.

Irin waɗannan na'urori wasu kuɗinsu miliyoyin daloli ne, suna son wutar da ba ta ƙiftawa da ɗakin da ƙasansa ba ya girgiza. Ci gaban da ya iso ƙofar shagona ya fi su ƙanƙanta, amma ni na ga amfaninsa da idona. Na farko ƙwan LED. A da ƙwan halojin ne, ga zafi, ga shi da zarar an maido wuta da ƙarfi ya ƙone, aiki ya tsaya sai an aiko daga Legas. Yanzu babban aikinmu shi ne cire tsohon ƙwai mu sa LED da ɗan batir, mai ɗakin gwaji a ƙauye ya yi caji da sola ya wuni yana aiki. LED ɗin ne kuma ya sauƙaƙa duban majinar masu tarin fuka da rini mai walƙiya, wanda a da sai da fitilar makuri mai tsada da ɗaki mai duhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar komawa kansa a 2011. Ƙwayoyin suna fitowa da haske a kan baƙin fili, ana ganinsu da ƙaramin gilashi, silaid ɗin da ke cin lokaci a da yanzu nan da nan an gama shi.

Na biyu waya. Muna sayar da ɗan maƙalin da ke riƙe ta a bakin gilashin ido. Wata baiwar Allah mai ɗakin gwaji a wajen gari ta ce mini, "Malam, da in na ga abin da ban gane ba sai dai in rufe silaid in hau mota. Yanzu hoto nake tura wa malaminmu ta WhatsApp, kafin mara lafiya ya tashi an ba ni amsa." Ƙwan tsargiya a fitsari da ƙayarsa a ƙarshe, ƙwayar jinin mai sikila, ƙwan tsutsar ciki, duk suna fita sarai a hoto in gilashin yana da tsabta. Ana ma gwada manhajojin da ke ƙirga ƙwayoyin maleriya daga irin wannan hoto.

Wasu suna ce mini sana'ar ta kusa mutuwa tunda ga tsinken gwajin maleriya, ga GeneXpert da ke gano tarin fuka cikin awa biyu har ya faɗi ko cutar ta bijire wa magani. Ina murna da su duka, sun ceci rayuka. Amma tsinken yakan ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan an warke, kuma ba ya faɗin yawan ƙwayoyin da ke cikin jini, alhali likitan da ke gaban yaro mai tsananin zazzaɓi yawan yake son sani. Mai shan maganin tarin fuka ma, a wata na biyu da na biyar da na shida, majinarsa madubi ake ɗorawa a ga ko maganin yana ci.

Don haka duk wanda ya zo karɓar madubinsa ba na barinsa ya tafi sai mun yi magana a kan ajiya. A goge mai da takardar gilashi kafin a tashi daga aiki, kada a bar shi ya kwana. Da hunturu a rufe shi da mayafin yadi. Da damina kada a ƙunshe shi a leda, nan fumfuna ke samun yadda take so. A sa shi a kabad da ƙullin silika, ko a kunna ƙaramin ƙwai a ciki ya riƙa busar da iska. Ƙullin silikar kyauta nake bayarwa, kuma in launinsa ya sauya a ɗumama shi ya bushe, a mayar.