Koyar da Turanci a Damagaram: abin da zaman ya yi mini

Daga garinmu a ƙasar Gumel zuwa iyakar Maigatari ba wata tafiya ba ce, duk Alhamis mutanenmu suna can cin kasuwar dabbobi. Shi ya sa da na samu aikin koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Damagaram, bayan an sake buɗe iyakar a Disambar 2020, ba wanda ya ɗauka ƙasar waje zan tafi. Inna cewa ta yi, "To ai gida ne, Hausa suke yi." Kuma gaskiyarta, a kasuwa da masallaci gida ne. Amma da zarar ka taka ƙofar ofis ko banki ko asibiti, nan za ka san baƙo ne kai, domin takardar da za a miƙo maka da Faransanci take.

Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a duk zaman da na yi. Ni da nake da takardar NCE, ni da ake kawo wa wasiƙa in karanta a garinmu, sai ga ni tsaye da takardar magani a hannu ina neman yaron da zai faɗa mini sau nawa zan sha. Ma'aikaci ya yi magana, in gyaɗa kai ban ji komai ba, saboda kunyar a ce ban gane ba. A nan na san halin da Baba yake shiga duk ranar da ya je asibiti a Gumel ko Dutse. Mutum ne da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami, yana lissafin buhunan riɗi da ka ba ya kuskure, amma takarda ɗaya ta Turanci sai ta mayar da shi abin tausayi a gaban ɗan cikinsa. Da can na san wannan da ido ne kawai. A Damagaram na ji shi a jikina.

A aji kuma wani abin na gani. Yaran Nijar suna yin shekara shida na firamare, galibi da Faransanci, sai sun shiga kwaleji, wato ƙaramar sakandare, suke fara Turanci, su yi shekara huɗu kafin jarrabawar kammala ta, wadda ake kira BEPC. A kan 20 ake ba da maki, wanda ya samu 10 ya tsallake. Na yi zaton zan sha wahala da su, sai na tarar ba sa tsoron Turanci ko kaɗan. Yaro zai miƙe ya kwaɓa jimla, ya haɗiye harafin ƙarshe kamar yadda aka saba masa a Faransanci, a gyara masa, ya sake faɗa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Amma wannan yaron, in malamin Faransanci ya tashe shi, jikinsa rawa yake. A wurinsu Faransanci ne ma'aunin wanda ya yi boko, shi ake yi wa mutum dariya a kansa. Turanci kuwa abin neman abinci ne: wani babansa na saro atamfa a Kantin Kwari, wani yana son jami'a a Najeriya, wata so take ta gane abin da wayarta ke cewa. Tun daga nan na daina yarda da masu cewa yaran ƙauyenmu kansu ne ba ya ɗaukar Turanci. Tsoron da muka ɗora a kansa ne yake rufe musu baki.

Tun da ba na jin Faransanci, da Hausa nake yi musu bayani, shugaban makarantar kuma bai hana ba. In zan koyar da lokutan aikatau, sai mu fara da "na tafi, ina tafiya, zan tafi", su ga ashe harshensu ma yana da wannan tsari, sannan mu haura zuwa Turancin. A rabi na biyu na darasin kuwa ba Hausa, su ne za su yi ta magana, ni ina saurare.

Sauran rayuwa ta koya mini nata. Damagaram gari ne da aka san shi da ƙarancin ruwa, na koyi yin wanka da alwala da wanki da abin da mai ga-ruwa ya kawo. Na koyi girki, da lissafin kuɗi da dala, inda dala ashirin ke nufin sefa 100, jaka kuma sefa 1,000. Kaɗaici ya dame ni a watannin farko, har samarin unguwa suka jawo ni fadarsu ta shayi. A can ne ake tambayata duk abin da ya faru a Najeriya kamar ni na aikata shi, na koyi amsawa ba tare da fushi ko kare abin da ba ya karuwa ba.

Ina gida hutun ƙarshen shekara sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Kafin a buɗe na samu aji a wata ƙaramar sakandare kusa da garinmu, sai na zauna. Da na ji a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma sa Turanci da Faransanci su zama harsunan aiki, ɗalibaina na can na fara tunawa, domin abin da suka koya zai ƙara yi musu rana.

Yanzu a ajina ba a cin tarar yaro don ya yi Hausa, ba a kuma yi wa wanda ya yi kuskure dariya. In na raka Baba asibiti, ina roƙon ma'aikaci ya yi masa bayani kai tsaye da Hausa, ya kuma bar shi ya yi tambayarsa da bakinsa.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Wani dattijo ya tare ni bayan La'asar ya ce, "Malam, Turanci muka kawo su koya, an ce kai Hausa kake musu." Damuwarsa tana kan hanya, domin ba kiredit a Turanci ba shiga jami'a, kuma WAEC ba za ta yi tambayar Turanci da Hausa ba. Na ce, "Baba, ka zo ranar Litinin ka zauna a bayan aji ka ji da kunnenka." Ya zo, ya zauna har aka tashi, ya ji jikarsa ta ba da labarin yadda ake casar gero da Turanci, da kurakuranta, ba ta tsaya ba har ta kai ƙarshe. Bai ce ya yarda da ni ba, ya dai ce in ƙara musu aikin rubutu, na kuma ƙara.