Abin da Bangon Kogon Mammoth Ya Koya Mini

A karatun ilimin duwatsu, darasin da ya fi zauna mini a rai shi ne: shekarun dutse daban, shekarun ramin da ke cikinsa daban. A kan kogon Mammoth na jihar Kentucky a Amurka na fahimci haka. Shi ne kogo mafi tsawo da aka sani a duniya, hanyoyinsa da aka auna sun haura kilomita 670.

A jikin bangonsa akwai burbushin wasu halittun teku da ake kira burakiyofod, wato ragowarsu da ta daskare a cikin dutse. Ɓawo biyu gare su, mai kallo sai ya ɗauka ƙumbar kogi ce, alhali ba danginta ba ne. Ɓawon ƙumba biyu kamarsu ɗaya, su kuwa ɗaya ya fi ɗaya girma. Yawancinsu kan kafe a ƙasan teku da ɗan tsiro mai nama, suna tace abinci daga ruwa.

Me ya kai halittar teku cikin kogo? Ai ba ta taɓa shigarsa ba. Kimanin shekaru miliyan 330 da suka wuce, yankin teku ne mara zurfi, mai ɗumi. Halittu na mutuwa, ɓawonsu na taruwa, har ya dunƙule ya zama dutsen farar ƙasa. Sai can daga baya, cikin 'yan miliyoyin shekarun nan, ruwan sama mai ɗan tsami ya riƙa bin tsagogi yana cin dutsen, ya buɗe kogon ya tone su. Kafin nan ma, babbar halakar halittu da ta auku shekaru miliyan 252 baya ta riga ta ƙarar da mafi yawan irinsu. 'Yan ɗaruruwan nau'i ne suka rage a tekunan yau.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an ɓanɓaro burbushi an jefa a aljihu ba a rubuta shimfiɗar dutsen da ya fito daga cikinta ba (duwatsun hawa-hawa suke, wata shimfiɗa a kan wata), domin shimfiɗar ce ke faɗin zamaninsa. Haka nake yi yanzu da kowane samfuri, har da dutsen Kalambaina na Sakkwato da ake yin siminti da shi, wanda shi ma tsohon teku ya bari. Kafin guduma ta taɓa dutse, sai na rubuta wurin, da shimfiɗar, da abin da ke samanta da ƙasanta.