Fuskar manhajarmu ta ilimin zamantakewa

Wata biyu kenan ina fama da tsara fuskar wata manhaja a nan Jos, irin wadda ɗalibi zai nemi kalma kamar asabiyya, wato haɗin kan dangi ko al'umma, ya samu bayani da murya da bidiyo wuri ɗaya. Da farko na cika shafin gaba da hotuna, ga Ibn Khaldun ga Durkheim, manyan masana ilimin zamantakewa, ni dai ya burge ni. Sai na miƙa wa ƙanwata wayar, ta ɗan latsa ta ce Yaya data ta fa, wannan bidiyon da ke tashi da kansa ai zai cinye min ita kafin in karanta layi ɗaya. Gaskiyarta wallahi. Na cire, yanzu sai ka danna zai tashi, kuma nauyinsa na rubuce a gefe.

Abin da ya fi cin raina akwatin nema ne, mutanenmu ba sa rubuta ƙ da ɗ a waya, dole wanda ya buga kabila ya samu ƙabila, in ba haka ba zai ɗauka babu ya fita. Shafin asabiyya kuwa na sa ma'ana a sama da manyan baƙaƙe, Muƙaddima, littafin Ibn Khaldun da ya yi bayaninta, da shekarar da ya rubuta shi, 1377, a ƙasa, maɓallin sauraro kusa da babban yatsa saboda mai riƙe da waya hannu ɗaya cikin keke napep.